Dutse Ma Gida Ne: Mu Dubi Rema Da Maƙwabtanta

Duk wanda ya bi hanyar Jos ya san duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Sau da yawa mukan ɗauka babu abin da ke cikinsu sai zafi da macizai. Ashe gari ne guda, da masu gida da baƙi.

Babbar mai gida ita ce rema. A ido kamar zomo take marar dogon kunne, nauyinta bai cika wuce kilo 4 ba, amma masana sun ce giwa da ayu ne danginta na kusa. Tafin ƙafarta mai laushi ne da danshi, shi ya sa ba ta zamewa a kan fa. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, don haka da safe za ka ga remaye sun baje suna shan hantsi, ɗaya na gadi. Da ta hango gaggafa sai ta yi ƙara, kowa ya faɗa kogo. Cikin rema kuwa yakan kai wata 7, 'ya'yanta ba su cika wuce uku ba.

Itatuwa ma da dabararsu. Tinya takan adana ruwa a jikinta. Kawuri yakan cusa saiwa cikin tsaga. Akwai ciyawar da ke shimfiɗe kan fa, da rani ta bushe kamar ta mutu, ruwan farko na sauka ta koma kore.

Akwai kuma wata ƙaramar jar tsuntsuwa, 'yar'uwar baiwar-Allah, wadda sai a 1998 masana suka gane jinsi ce dabam, a duwatsun Filato. Ana ganinta a dajin Amurum kusa da Jos, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye.

To, ga inda gizo ke saƙa. Muna fasa dutse don gini, muna cinna wa daji wuta saboda neman nama. Gadar dutse ta yi wuyar gani. Itacen da aka sare yakan toho, amma dutsen da aka niƙa ya tafi ke nan.

Ba mu ce a daina gini ba. Roƙonmu ga dagatai da masu unguwa shi ne su keɓe wasu duwatsu da ba za a taɓa ba. Mu kuma iyaye mu ja kunnen yaranmu game da ashana.