Hirar Masu Fatsa Ta Koma Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwa da fatsa a hannu ya san yawancin aikin jira ne. Ka maƙala koto a ƙugiya, ka jefa, ka zuba wa ruwa ido. Wani lokaci tun hantsi har azahar ko motsi babu. A cikin wannan jiran hira take tsirowa: wane gurbi ne kifi ke taruwa idan ruwa ya ja baya, wane koto tarwaɗa ba ta iya wucewa, wane ne ya kama giwan ruwan da sai da mutum uku suka ɗaga. Rabin labarin gaskiya, rabi kuma an sa masa gishiri. Da haka dai yara suke koyon sana'ar, domin ilimin su a baki yake tafiya, a kunne yake zama.

Wannan hirar ce masu sha'awar kamun kifi a Amurka da Ingila suka ɗauko suka zuba cikin waya, ta hanyar abin da ake kira fodkas. Fodkas shirin sauti ne kamar na rediyo, sai dai ba ya jiran ƙarfe kaza. Ana ɗora shi a intanet, mai sauraro ya sauke shi cikin wayarsa, ya ji lokacin da ya ga dama, ya tsayar ya je salla, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wani ɗan jaridar Birtaniya, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian a 2004, inda ya haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Turanci ta watsa shiri. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes, daga nan abin ya bazu. Ba a bukatar lasisin gidan rediyo ko doguwar eriya. Makirfo da bakin magana sun isa, shi ya sa kowane rukunin masu sha'awa ya samu dandalinsa, har da masu fatsa.

Sai dai a fahimci su wane ne waɗannan masu fatsar. Ba masunta ba ne irin namu da ke ci da iyali da abin da koma ta kamo. Likita ne, ko direba, ko malamin makaranta, wanda idan hutun ƙarshen mako ya zo sai ya ɗauki sandarsa ya nufi kogi don ya huta da hayaniya. Kuma suna da yawa. Ƙidayar da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yi a 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 40 masu shekara 16 zuwa sama sun fita kamun kifi a shekarar. Tun 1950 akwai dokar da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa a ƙasar, ana mayar da kuɗin wajen gyaran koguna da tafkuna da kiwon 'ya'yan kifi. Jama'a mai wannan yawa, mai kuɗin kashewa, ba za ta rasa masu yi mata hira ba.

Cikin tsofaffin shirye-shiryen akwai The Orvis Fly Fishing Podcast, wanda Tom Rosenbauer yake gabatarwa tun 2008. Orvis kamfanin kayan kamun kifi ne da aka kafa a jihar Vermont a 1856, shi kuma Rosenbauer ya shafe shekaru da dama yana yi masa aiki yana rubuta littattafan koyarwa. Salon kamun da shirin ya tsaya a kai yana da ban mamaki ga wanda bai saba ba. Ba a sa tana, ba a sa gara. Ana ɗaukar ƙugiya a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da na dabba har ta yi kama da ƙwaron da ke shawagi a kan ruwa. Sai mai kamun ya shiga kogi har gwiwa, ya yi ta lilo da igiya a sama, gaba da baya, kafin ya sauke ƙwaron ƙaryar a hankali yadda zai bi ruwa kamar mai rai. Kifin da suke kira trout yana da wayo. Idan igiya ta ja ƙwaron ya yi gudun da ya saɓa wa gudun ruwa, sai ya taso, ya duba, ya juya abinsa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Abin da ya riƙe shirin, a ganina, shi ne sashen farko da ake kira Fly Box, inda masu sauraro ke aiko da tambaya, wasu a rubuce, wasu da muryarsu. Irin tambayoyin su ne na wanda ya je ruwa ya dawo hannu rabbana: kifi na tasowa yana cin ƙwari a gabana, me ya sa ya ƙi nawa? Igiyata tana tsinkewa a wajen ƙulli, ina kuskuren? Mai gabatarwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wani mai sauraro ya aiko da gyara a mako na gaba, a karanta gyaran ba tare da jin kunya ba. Wanda ya taso da sauraron shirin amsoshin tambayoyi a rediyo zai gane wannan tsarin nan take. Bayan tambayoyin sai baƙo, wanda kan kasance masanin halittun ruwa, ko mai yi wa baƙi jagora a kogi, ko mai ɗaura ƙwarin ƙarya, a yi hirar da kan haura awa guda.

Sauran kowa da inda ya karkata. April Vokey, 'yar Kanada da ta yi suna a kamun kifi a kogunan British Columbia, tana da shirin Anchored, inda take zama da dattawan harkar ta sa su ba da tarihin rayuwarsu. Mike Iaconelli, wanda ya lashe gasar Bassmaster Classic a 2003, yana da Ike Live, shiri mai hayaniya da barkwanci na masu gasar kamun kifin bass. Shirin MeatEater na Steven Rinella ya haɗa farauta da kamun kifi da girki, kuma shi ya fi kusa da tunaninmu, tunda abin da aka kama tukunya yake zuwa.

Na ce ya fi kusa da tunaninmu ne saboda da yawa daga cikin masu fatsar nan ba sa cin abin da suka kama. A Ingila masu kamun kifin carp sukan kafa ƙaramin tanti a bakin tafki su kwana biyu ko uku, sanduna a jere a kan ƙarfe, kowace da ƙararrawar da ke kuka idan kifi ya ja. Ƙararrawa ta yi kuka da tsakar dare, mutum ya fito a guje, ya yi ta fama har ya jawo kifin. Sai ya kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar katifa, ya cire ƙugiya, ya shafa masa magani a inda ta huda, ya auna nauyinsa, a ɗauke su hoto, sannan ya mayar da shi ruwa yana riƙe da shi har ya farfaɗo. Manyan kifayen har suna gare su. Akwai wata da aka sa wa suna Benson a wani tafki a yankin Northamptonshire, nauyinta ya kai kilo 29, an kama ta an sake ta fiye da sau 60, da ta mutu a 2009 jaridun ƙasar suka buga labarin. Masuncin Yawuri zai ce wannan wasa da abinci ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma mutanen da ke son kifi ya rayu bayan sun kama shi dole suka koyi abin da ke kashe shi, kuma a nan ne mai sauraro daga ko'ina zai tsinci abin amfani.

Ga misali. Santsin da ke jikin kifi rigarsa ce, ita ke kare shi daga cuta. Busasshen hannu yana goge ta, shi ya sa suke nanata a jiƙa hannu kafin a taɓa. Ruwa kuma idan ya yi zafi iskar shaƙa da ke cikinsa tana raguwa. A jihar Montana, idan zafin koguna ya yi yawa da rani, hukuma kan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, don kifin da ya galabaita da zafi ba ya jure kokawa da ƙugiya. Wannan ilimin bai tsaya ga trout ba. Mai kiwon karfasa a kududdufi da ya ga kifinsa sun taso sama suna haki da asuba, dalilin ke nan: da dare tsirran ruwa ba sa fitar da iskar, shanye ta suke yi, don haka gab da fitowar rana ta fi ƙaranci. A Ingila kuma ana rufe kamun yawancin kifayen koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, lokacin da suke zubar da ƙwai, kuma duk mai shekara 13 zuwa sama sai da lasisi zai jefa fatsa.

Akwai inda ya kamata mai sauraro ya buɗe ido. Yawancin shirye-shiryen nan kyauta ake jin su, amma ba don Allah ake yin su ba. Ko dai kamfanin kayan kamun kifi ne ya mallaki shirin, kamar Orvis a Amurka da Korda a Ingila, ko kuma shi ke ɗaukar nauyinsa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Za ka ji an yabi wata sanda ko wata igiya kamar in babu ita kifi ba zai kamu ba, alhali yaro da karan gora da zaren lilo yana cika kwando. Sannan babu edita a kan mai fodkas. Wanda ya sani da wanda ke cika baki duk makirfo ɗaya suke riƙewa. Shirin da ke gayyato masana, yake kuma karɓar gyara daga masu sauraro, shi ya cancanci a ba shi lokaci. Ga kuma bambancin ruwa: dabarar kogin da ke gangarowa daga ƙanƙara ba lalle ta yi aiki a gulbin Sakkwato da damina ba.

Fodkas ya dace da mai kamun kifi ne saboda hannunsa da idonsa suna da aiki, kunnensa ne kawai a sake. Yana gyaran taru yana ji, yana tuƙa kwalekwale yana ji. Tunda an riga an sauke shirin, rashin sabis a tsakiyar tafki ba ya hana komai. Amma wanda ke kan ruwa kada ya toshe kunnuwansa biyu. Iska tana tasowa da ƙara, dorina tana gargaɗi da ƙara, ɗan'uwan da jirginsa ya kife ma kira zai yi.

Na taɓa zama da wani dattijo masunci a gindin bishiya yana ɗinkin koma, rediyonsa a rataye a reshe. Na ce, "Baba, wai yaya kuke gane inda kifi yake alhali ruwan duk ɗaya ne?" Bai ɗago kai ba ya ce, "A wurinka ne yake ɗaya, ɗana." Daga nan ya shiga lissafi: inda tsage ke farauta, ramin da gaiwa ke shiga ta lulluɓe kanta idan fadama ta bushe, yadda ake riƙe ƙurungu kada ƙayarsa ta soke ka, abin da ya sa ba a damƙar minjirya da hannu, ciyawar da yauni ke yin sheƙa a ciki. Ya yi kusan awa yana magana. Ban naɗi ko kalma ɗaya ba, kuma yau rabin abin da ya faɗa ya ɓace mini. Abin da Rosenbauer da Vokey suke tarawa ke nan daga bakin dattawansu, mako bayan mako.

Kayan hirar ba su yi mana ƙaranci ba. Hana kamu don kifi ya hayayyafa ba Turawa suka koya mana ba: a Argungu ana kiyaye kogin Matan Fada ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa har ranar da dubban masunta za su ruga ciki da homa da gora, bikin da ake danganta farkonsa da 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Akwai Sarkawa da tarihinsu a gaɓar Kwara. Akwai masuntan Baga da suka ga Tafkin Chadi ya janye a gaban idonsu, da na Hadeja da Nguru da ciyawar kacalla ta toshe wa hanyoyin ruwa. A New Bussa, kusa da madatsar Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda yawancin sakamakon aikinta da Turanci yake a takarda. Masunci yana bukatar ya ji da harshensa me ya sa raga mai ƙananan ido take cinye kifin baɗi tun bana, me gubar gamalin take yi wa ruwa da wanda ya ci kifin, yadda za a yi banda ta daɗe ba tare da an fesa mata maganin ƙwari ba, da amfanin rigar ruwa a jirgin da ya yi lodi.

Jama'ar da ta riƙe rediyo tun BBC ta fara Hausa a 1957, ta riƙe kaset, yau kuma take tura saƙon murya a WhatsApp dare da rana, ba sai an koya mata sauraro ba. Sautin rabin awa, idan an matse shi, bai wuce megabayit 15 ba, ana iya tura shi daga waya zuwa waya a bakin kasuwar kifi ko babu data. Don haka matashin da ke da kaka ko kawu masunci, ya nemi izininsa, ya zauna kusa da shi inda iska ba ta bugun makirfo, ya fara da faɗin sunan garin da sunan ruwan da ranar da aka yi hirar. Abin da dattijo ya ce asirin gida ne, a bar masa kayansa. Sauran kuwa a naɗa tun yana da ƙarfin faɗa.