Mpape: Tsohuwar Ma'aikatar Fasa Dutse Na Jiran Masu Jari

ABUJA – Daga duwatsun Mpape, da ke bayan unguwar Maitama, aka fasa tsakuwa mai yawa da aka gina Abuja da ita, bayan dokar soja ta 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya. Da aiki ya tsaya a ɗaya daga cikin ma'aikatun fasa dutsen, sai aka bar makeken rami, ruwa ya cika shi, ya zama tafki.

Wurin, wanda ake kira Crushed Rock, ya daɗe a yashe. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, hotunansa suka bazu, mazauna Abuja suka yi ta tururuwa zuwa can. Nan da nan masu sayar da abinci da 'yan acaɓa suka samu kasuwa.

Wannan ya nuna cewa kufai ma jari ne. A Kano, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun koma gidajen adana kayan tarihi. A Ingila kuwa, an mai da wani tsohon ramin haƙar farar ƙasa lambun shaƙatawa na Eden, wanda aka buɗe a 2001. Ribar gyara a fili take: ba a sayen sabon fili, kuma abin da ake kashewa kan siminti da rodi yana raguwa.

Sai dai akwai ƙayoyi a hanya. Na farko shi ne takardar mallaka. A 2012 hukumomin Abuja sun sanar da shirin rushe Mpape, kuma sai a 2017 kotu ta yanke hukunci ga mazauna unguwar. Babu bankin da zai ba da rance kan filin da ake taƙaddama a kansa. Tsohuwar Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi a Legas, wadda shirin mai da ita gidajen kwana ya maƙale a kotu, darasi ce.

Na biyu shi ne tsaron rayuka. Girgizar ƙasar da aka ji a Mpape cikin Satumban 2018 ta sa aka dakatar da fasa duwatsu a yankin. Don haka duk mai son zuba kuɗi sai ya fara da binciken ƙasa, shinge a bakin tafki da inshora, kafin ya yi maganar kuɗin shiga.