Aguwa, tinya, kyarana: dangi ɗaya, hali daban

A filin makiyaya da fatake na wannan mako mun tattauna a kan wasu itatuwan daji da suke 'yan gida ɗaya: aguwa, tinya, kyarana da fidda-sartse. Dukkansu in ka karya reshe, farin ruwa ne zai fito kamar nono. To a nan ne ake yin kuskure. Nonon kala ɗaya ne, amma ƙarfin dafinsa ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ɗauki tinya a matsayin aguwa yana iya rasa idonsa.

Kada a dogara da ganye, domin da rani yawancinsu zubar da shi suke yi. Jiki da ƙaya ake dubawa.

Aguwa, wadda wasu ke kira ayyara, ba ta da ƙaya ko ɗaya. Rassanta masu santsi ne, launin toka, suna rarrabuwa tun daga ƙasa. Da damina takan fitar da siraran ganye a bakin reshe. Ƙasa mai yashi take so. Duk wanda ya kora shanu tsakanin Maradi da Katsina ya san ta, ita ce shingen da ke raba gona da burtali. Reshe kawai ake sarewa a kafa da rani, ya kama. A Nijar har tudun rairayi ake tsayarwa da ita. Nononta ya fi na sauran sauƙi, amma shi ma ba abokin ido ba ne.

Tinya kuwa 'yar dutse ce, an fi samun ta a kudu da yankin aguwa. Reshenta mulmulalle ne, mai kauri kamar damtsen yaro, da tabo-tabo a jiki inda ganye ya faɗi. Wata tana da ƙaya guda ɗaya a gurbin kowane ganye, wata kusan babu. Ganyenta ya fi na aguwa faɗi da kauri. Ita ce mai mugun dafi: da can ana haɗa ta a dafin kibiya, ana kuma kashe kifi da ita. Masana sun sami wani sinadari a nononta, suka raɗa masa suna tinyatoxin, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa.

Kyarana ba ta ɓuya. Koriya ce shar, reshenta mai kusurwa huɗu ko biyar, ƙaya biyu-biyu a jere bisa kowace kusurwa. Tana girma ta wuce ɗaki. Mutanen tsaunukan Jos da na Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru, sun daɗe suna kewaye gidaje da gonaki da ita. Nononta yana ƙona fata ya tayar da bororo.

Fidda-sartse ita ce ƙaramarsu, tsayinta kamar mita 1 ne. Rassanta sirara ne, kore, miƙaƙƙu, babu ƙaya. Sunanta ya faɗi aikinta: ana ɗiga nononta a kan sartse ko ƙayar da ta maƙale a fata.

Ga abin kiyayewa. Malam makiyayi, ka nuna wa yaranka waɗannan itatuwa tun kafin a tafi mashekari, domin yaron da ya tashi cikin aguwa bai san tinya ba. Kada a yi sandar kora ko tsinken gasa nama da tinya ko kyarana, kada a sa su a murhu, hayaƙinsu ma yana cutar da ido. In nonon ya faɗa a ido, na mutum ko na dabba, kar a murza. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a nemi likita. In a fata ne, ruwa da sabulu.

Ku kuma fatake, suna yana canjawa daga kasuwa zuwa kasuwa. In an miƙo maka nonon itace a kwalba an ce na aguwa ne, ba ka da hanyar tantancewa. Abin da ba ka ga itacensa a tsaye ba, kada ka saya, kada ka kai wa wani.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.