Maiduguri ko Yerwa: tarihin da ke kwance cikin sunayen babban birnin Borno

Duk lokacin hutun Sallah, tashoshin mota da filin jirgin saman Abuja kan cika da ma'aikata masu haramar gida. Wanda ya nufi Borno, Maiduguri aka rubuta a tikitinsa, amma in ya kira 'yan'uwa, sau da yawa cewa zai yi yana hanyar Yerwa. Birni ɗaya ne mai suna biyu, kuma kowane suna da gidan sarautar da yake tunawa.

Kunnen Bahaushe na jin "mai" sai ya ɗauka mamallaki ake nufi, kamar mai gida ko mai gari. A harshen Kanuri kuwa Mai shi ne sarki, laƙabin sarakunan Saifawa da suka mulki Kanem da Borno ɗaruruwan shekaru. Ita kuma "ri" ta ƙarshe mazauni take nunawa, kamar yadda ake gani a unguwannin birnin: Shehuri wajen Shehu, Hausari wajen Hausawa. A tsakiyar sunan ne ra'ayoyi suka rabu.

Bayani na farko ya dogara ne da tsarin sarautar Borno, inda ake kiran ɗan sarki maina, jikan sarki kuma maidugu. A wannan fassara, Maiduguri na nufin mazaunin jikan sarki, wato ƙauyen da wani ɗan gidan sarauta ya kafa ko ya riƙe. Bayani na biyu ya ce kalmar tsakiyar ita ce duwu, 'yar'uwar dubu ta Hausa, don haka sunan kirari ne: garin sarakuna dubu. Wasu kuma na danganta shi da Dugu, ɗaya daga cikin sarakunan farko a jerin sarakunan Kanem.

Abin da ya ba gardamar tsawon rai shi ne lafazi. A bakin Barebari harafin g kan yi laushi tsakanin wasula ya koma w, shi ya sa suke cewa Maiduwuri. Da wannan furuci, mai neman jika zai ji jika, mai neman dubu zai ji dubu.

Labarin Yerwa ya fi kusa da zamaninmu. Mulkin Saifawa ya ƙare a 1846, sarauta ta tabbata a hannun zuriyar Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, wanda ya kafa Kukawa a 1814. Rabeh ya rusa Kukawa a 1893 ya koma Dikwa, aka kashe shi a 1900. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabuwar fadarsa kusa da kogin Ngadda, daura da tsohon ƙauyen Maiduguri inda Turawan Ingila suka yi sansani, aka kira wurin Yerwa. Wasu na cewa sunan daga kalmar alheri ta Larabci ya samo tushe, ma'ana wuri mai albarka. Wasu na fassara shi da kashe ƙishirwa, saboda ruwan kogin.

Da garin ya bunƙasa, sunan ƙauyen ne ya shiga takardun hukuma. Da shi birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da shi aka kafa jami'a a 1975, da shi kuma ya zama babban birnin Jihar Borno a 1976.

Don haka sunan da jami'in gwamnati ke bugawa a kan wasiƙa yana ɗauke da laƙabin gidan da ya bar mulki tun kafin a kafa birnin, alhali sunan da ya zo tare da fadar Shehu ya zauna a bakin jama'a. Baƙon da aiki ya kai Borno, in ya ce Yerwa a gaban dattawa, za su gane cewa ya yi tambaya kafin ya iso.