Mazarin da Aka San Gabansa

Wanda ya fara raɗa wa wannan ƙwaro suna mazari, ina jin a gaban tsohuwa mai kaɗi ya tashi. Dubi sandar nan siririya da gululu a gindinta, tana juyi cikin taskira har ido ya kasa bin ta. Sannan ka dubi ƙwaron: jiki kamar tsinke, kai dunƙule, kusan duk idanu ne. In aka ce jikin wane na rawa kamar mazari, na auduga da na bakin tafki kowa na iya cewa da shi ake. Haka ma kirarin nan, mazari ba a san gabanka ba.

Kirarin ya zauna daram a kan wanda muka fi sani, mai ruwan ɗorawa, wanda ke cika sama garke-garke in damina ta kawo kai. Masana na kiransa Pantala flavescens. Ba shi da gari. Iskar hadari yake bi, ya zuba ƙwai a kududdufin da ruwan jiya ya bari, 'ya'yan su yi fiffike cikin 'yan makonni kafin wurin ya ƙafe, su ma su kama gabansu. Har teku yake ƙetarewa, daga Indiya ya bi ta tsibiran Maldibs ya sauka gabashin Afirka.

Sai dai a dangi akwai mazauna gida. Su ake kira Chlorocyphidae, ana kuma yi musu laƙabi da lu'ulu'u saboda launinsu. Suna nan a ƙoramun Afirka da na kudancin Asiya, inda ake zafi da ruwa. Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Fikafikansu sun zarce jelarsu, fuskar da ɗan tsini a gaba kamar hanci, in sun sauka kuma sai su haɗe fikafikan a gadon baya, saɓanin babban mazari da ke barin nasa a shimfiɗe. Kududdufi ba wurinsu ba ne. Ruwa mai gudu suke so, mai duwatsu, da itatuwa a gefe, da 'yar kafar da rana ke leƙowa ta faɗa kan wani gungume da ya daɗe a ruwa. Namijin da ka gani yau a kan gungumen nan, gobe ma sau da yawa nan za ka same shi, yana tsaron abinsa kamar mai kanti.

Namu na Afirka ta Yamma, har da Najeriya, akwai Chlorocypha curta. Jelar namijin ja ce wur, sai ƙarshenta ya yi shuɗi, sai ka ce an ɗan tsoma shi a karofi aka fasa.

Amma gwanin rawa yana can gabas, daga Habasha har Afirka ta Kudu, sunansa Platycypha caligata. Jelarsa shuɗiya kamar sama bayan ruwa. Ƙwaurinsa masu faɗi ne, ta waje ja, ta ciki fari tas. In wani namiji ya shigo masa fili, sai su yi gaba da gaba a iska, kowa na walƙa wa ɗan'uwansa launin ƙafafu, ba cizo ba duka, har ɗaya ya gaji ya ba da wuri. In mace ce ta zo, salo ya sauya. Sai ya tsaya cak a iska a gabanta, ya sako ƙafafun nan, ya juyo da farin, ya shiga kaɗa su da sauri har su zama kamar ɗan sawun auduga na lilo a ƙarƙashinsa. Ita kuwa ba rawar kaɗai take kallo ba. Gungumen take dubawa, don a cikin ruɓaɓɓen icen da ruwa ke lasa za ta cusa ƙwanta. Saurayi komai iya adonsa, in gidan bai yi ba, ta yi gaba.

Ɗan da ya fito daga ƙwan bai yi kama da iyayensa ko kaɗan ba. Wani abu ne mai launin laka, yana maƙale a ƙarƙashin dutse ko jikin saiwa, yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Leɓensa na ƙasa naɗe yake kamar hannu, ya harba shi ya cafko ƙananan ƙwari. A nan raunin dangin yake. In aka sare itatuwan bakin ƙorama rana ta dafa ruwan, ko masu wankin kuza da zinariya suka sako laka ta toshe tsakanin duwatsu, ɗan ya mutu tun bai ga sama ba. Ƙoramar na nan tana gudu, mata na ɗiba, amma gungumen ya zama kango. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mazarin ƙorama kan riga mutane sani. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta auna nau'in mazari 6,016, ta ce kashi 16 cikin ɗari na cikin haɗarin ƙarewa.

Ga shi kuwa ko ƙirga su ba a gama ba. A 2015 kaɗai wasu masana uku, cikinsu har da Klaas-Douwe Dijkstra ɗan ƙasar Holan, sun fito da sababbin nau'i 60 daga Afirka a tashi ɗaya.

A tsaunukan Obudu na jihar Kuros Riba akwai wani mazaunin ƙorama na wani gidan daban, wanda danginsa na kusa suke can Amurka ta Kudu. A 1973 aka kama namiji guda. Aka sa masa suna Pentaphlebia gamblesi, don girmama Robert Gambles, likitan dabbobin da ya yi aiki a Vom yana tara mazarin Najeriya. Daga wannan ɗayan, an shafe fiye da shekara 40 ana hawa tsaunin ana duba ƙoramu, ba a sake ido biyu da ɗan'uwansa ba.