Wa ke Riƙe da Akalar Jami'a? Matakan Iko da Rayuwar Ɗalibai a Jami'ar Difa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya sami takardar bakaloriya ya shiga jami'a yakan san malamin da ke tsaye gabansa a aji, ya san ma'aikacin da ke karɓar takardun rajista. Amma da wuya ya san inda ake yanke shawarwarin da ke tafiyar da rayuwarsa, kamar ranar da shekarar karatu za ta fara, da darussan da za a koyar, da lokacin da za a biya kuɗin tallafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai shi, yana kuma da hanyar da yake bi kafin ya tabbata. Wannan maƙala za ta bayyana matakan iko a jami'o'in gwamnati na Nijar, tare da ɗaukar Jami'ar Difa a matsayin misali. Ita ce mafi nisa da Yamai, kuma ta soma aiki a daidai lokacin da yaƙi ya iso kwarin Komadugu, don haka a cikinta ne aka fi ganin yadda shawarar da aka yanke a ɗakin taro take shafar yaron da ya fito daga gari irin Tumur.

Tarihin da ke cikin kalmomi

Sunayen da ake kiran jami'a da muƙamanta suna ɗauke da tarihin mulkinta. Kalmar Latin universitas, wadda Faransanci ya gada, a asalinta tana nufin ƙungiyar masu sana'a ɗaya. A Bolonya ta ƙasar Italiya ɗalibai ne suka kafa irin wannan ƙungiya suna ɗaukar malamai aiki, a Paris kuwa malamai ne suka riƙe ta. A shekarar 1229 malaman Paris da ɗalibansu sun rufe karatu sun bar birnin saboda kisan da dakarun gari suka yi wa wasu ɗalibai, kuma ba su dawo ba sai a 1231, bayan Fafaroma Giregori na Tara ya amince musu da ikon tsara dokokinsu da na dakatar da darasi idan an zalunce su. Daga nan ne tunanin ƴancin jami'a da hurumin da ke hana dakaru shiga harabarta ba da izini ba ya samo tushe. Kalmar doyen, wato shugaban tsangaya, ta fito daga decanus, jagoran mutum goma, recteur kuma daga aikatau mai ma'anar daidaita tafiya.

Hausa ta bi tata hanyar. Jami'a daga Larabci take, tushenta ɗaya da jama'a da jam'iyya da Jumma'a, duka a kan ma'anar taruwa. Majalisa wurin zama ce, ɗalibi kuwa mai nema. Wani rukunin kalmomin ya shigo ta gabas, daga ƙasar Barno. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu sun iso Hausa ta hanyar Barebari, haka ma gwani daga goni take, kuma masana da dama suna danganta tsangaya da sangaya ta Barbarci. Ke nan kalmar da jami'o'in Nijeriya ke amfani da ita a yau wajen kiran babban reshen ilimi ta fito ne daga yankin da Difa take. A tsohuwar tsangaya ma akwai matakai tun daga kolo har zuwa alaramma da gwani, kuma malamai ne ke shaidar cancantar wanda ya hau mataki.

Kafuwar Jami'ar Difa

Nijar ta daɗe da jami'ar gwamnati guda ɗaya. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Doso da Tilaberi da Difa. An ba kowace daga cikin sababbin fannin da ya dace da yankinta. Difa ta sami muhalli da noma, ta fara da tsangayar kimiyyar noma da cibiyar nazarin muhalli, ƙarƙashin shugabanta na farko, Farfesa Ali Mahamane, masanin tsirrai. Zaɓin yana da dalili, domin jahar tana fama da tafiyar rairayi a yamma wajen Gudumariya da Maine Sorowa, da sauyin ruwan Tafkin Cadi a gabas, da ambaliyar Komadugu irin wadda ta ci unguwanni da gonaki a 2019.

Ba a jima da kafa ta ba, a ranar 6 ga Fabrairu 2015, Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka sa dokar hana fitar dare. Jami'ar ta ci gaba da aiki a cikin wannan hali, har ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan zaman lafiya a yankin Tafkin Cadi a 2015, da wani a 2017 a kan mayar da tubabbun mayaƙa cikin al'umma.

Matakan iko

Bisa tsarin da jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci suke bi, iko yana farawa daga sashe. A nan malaman fanni ɗaya ke zama su raba darussa, su tsara manhaja, su kafa kwamitin da zai tantance sakamakon jarrabawa. Sassa suna haɗuwa su zama tsangaya, wadda ke da shugaba da majalisa. Sama da su akwai majalisar jami'a, inda ake duba kasafin kuɗi da buɗe sababbin fannoni, kuma ɗalibai da ma'aikatan ofis suna da wakilai a ciki. Shugaban jami'a shi ke aiwatar da abin da aka zartar, shi ke sa hannu a kan kashe kuɗi, shi ne kuma mahaɗa tsakanin jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi.

Akwai wani iko da ba ya hannun shugaban jami'a ko minista, wato ƙarin girman malamai. Wannan aikin hukumar CAMES ne, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Malamin da ke son hawa daga mataki zuwa mataki, har ya kai farfesa, yakan aika da rubuce-rubucensa, kwamitin takwarorinsa daga ƙasashe daban-daban su auna su. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan ƙaramar jami'a, domin malaman manyan matakai biyu ne kaɗai ke da ikon jagorantar kundin digirin dakta. Jami'ar da ba ta tara irinsu da yawa ba dole ta yi aron malamai daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Tsakanin Yamai da Difa akwai kusan kilomita 1,360, saboda haka malamin aro yakan zo ya dunƙule darasin watanni a cikin ƴan kwanaki ya koma. Ɗalibi ne ke ɗaukar nauyin wannan gaggawa.

Zaɓe ko naɗi

Tun bayan sauyin siyasar farkon shekarun 1990, al'ummar jami'ar Yamai ce ta riƙa zaɓen shugabanta. A 2018 gwamnati ta nemi sauya wannan tsari, kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta SNECS ta shiga jerin yajin aiki da ya kai har 2019. A shekarar ce majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon naɗa shugabannin jami'o'i.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Gwamnati ta ce ita ke zuba mafi yawan kuɗin da jami'o'i ke kashewa, don haka tana da haƙƙin ɗora wanda za ta iya tuhuma idan shekarun karatu sun cakuɗe ko kuɗi sun salwanta, kuma zaɓaɓɓen shugaba yakan ji nauyin ladabtar da waɗanda suka zaɓe shi. Malamai suka ce wanda aka naɗa da takarda ana iya tuɓe shi da takarda, don haka idonsa zai koma kan wanda ya naɗa shi, kuma ranar da binciken wani malami ya saɓa wa ra'ayin masu mulki ba za a sami mai tsaya masa ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abin lura shi ne karin maganar ya hau kan tsarin biyu duka. Maƙwabciya Nijeriya ta ɗauki hanya ta uku, inda majalisar gudanarwar kowace jami'ar tarayya ke zaɓen shugaba na wa'adi ɗaya mai shekara 5. Hakan bai hana yajin aikin wata 8 da malamanta suka yi a 2022 ba, abin da ke nuna cewa hanyar fitar da shugaba ba ta warware matsalar kuɗi.

Abin da ke isa ga ɗalibi

Tumur ƙaramar hukuma ce a gundumar Boso, arewa maso gabas da Difa, mazaunin sarautar Fulani, kuma ta karɓi ɗimbin ƴan gudun hijira. A daren 12 ga Disamba 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, mahara sun kashe aƙalla mutum 27 a garin, suka ƙone gidaje da kasuwa. Tun kafin nan, makarantu sama da 100 sun rufe a jahar a 2015. Yaron da ya ratsa wannan ya kai ga bakaloriya ya riga ya yi asarar lokacin da takwaransa na Yamai bai yi ba. Iyayen yankin da yawa sun dogara ne ga dabbobi, da tattasan bakin Komadugu, da bandar kifin Tafkin Cadi. An hana cinikin tattasai da kifi a 2015, ba a sake na tattasai ba sai a 2017, na kifi kuma a 2019. Samun jami'a a Difa ya rage wa irin waɗannan iyaye nauyin aika ɗa zuwa wata jaha, musamman ma ɗiya mace.

Sai dai abubuwan da suka fi damun ɗalibi a kullum ba duka suke hannun shugaban tsangaya ko na jami'a ba. Kuɗin tallafi hukumar ANAB ce ke biya. Ɗakin kwana da abinci da mota da magani suna ƙarƙashin cibiyoyin kula da walwalar ɗalibai. Idan tallafi ya makara, ɗalibai sukan ƙaurace wa aji ƙarƙashin ƙungiyar USN, duk da cewa malamin da suka bari a ajin ba shi da ta cewa a kan kuɗin. Ƙungiyar tana da nauyi a tarihin ƙasa: kisan ɗalibai 3 a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 yana cikin abubuwan da suka kai ga taron ƙasa na 1991.

Tsarin LMD ya ƙara tsananta illar ɓata lokaci. A cikinsa digirin farko shekara 3 ne, na biyu shekara 2, na dakta shekara 3, kuma kowace shekara ta kasu zango biyu, kowane zango da maki 30 da sai an kammala darussa an yi jarrabawa ake samu. Idan yajin malamai ya ci wata ɗaya, na ɗalibai ya ci wani, zangon ba ya cika, sai ya shiga cikin na gaba. Haka digirin shekara 3 ke komawa 4 ko fiye, alhali guzurin da iyaye suka tanada bai ƙaru ba.

Inda nazarin harshe ya shigo

Ana gudanar da tarukan majalisun jami'a da Faransanci, da shi ake rubuta dokoki da sanarwa. A wajen aji kuwa ɗaliban Difa suna magana da Barbarci da Fulatanci da Hausa da Tubanci da Larabci. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, har da Buduma na mazauna tsibiran tafki. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe aikin daidaita kalmomin mulkin jami'a, domin har yanzu a warwatse suke. Ɗalibin Nijar yana cewa fak da lisans, na Nijeriya yana cewa tsangaya da digiri. A kafofin labaran Nijeriya ana yawan kiran mai riƙe da ragamar jami'a mataimakin shugaban jami'a, saboda fassarar kalma da kalma da aka yi wa laƙabinsa na Ingilishi, alhali wanda ake ganin yana taimaka wa uban jami'a ne na girmamawa, galibi basarake. Uban da ya ji wannan a rediyo ba zai gane ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa ba.

Aikin yana bukatar hattara a wuri irin Difa, inda Hausa take harshen kasuwa amma Barbarci ne harshen gida ga mafi yawan jama'a. Ɗalibin noma da zai yi bincike a gonakin tattasai ko a rugagen Tumur sai da Barbarci ko Fulatanci zai ji abin da manomi da makiyayi suka sani. Ƙamus ɗin da zai yi amfani a nan shi ne wanda ya jera kalmar Faransanci da ta Hausa da ta Barbarci da ta Fulatanci a layi ɗaya.

Kammalawa

Ikon jami'a a rarrabe yake tsakanin sashe da tsangaya da shugaba da ma'aikata da CAMES da hukumomin walwala, kuma kowace matsala tana da ofishin da ya dace a kai ta. Wakilin ɗalibai da ya san wannan rabo zai kai kukan maki ga sashe, na tallafi ga ANAB, na ɗakin kwana ga cibiyar walwala, ya kuma halarci zaman majalisa da hujja a rubuce kafin a kai ga rufe aji. Malamai da hukuma kuma, duk lokacin da suke jayayya a kan zaɓe ko naɗi, ya dace su lissafa makonnin karatun da jayayyar za ta ci, domin a Difa waɗanda za su biya wannan farashi su ne ƴaƴan da yaƙi ya riga ya cinye musu shekaru tun daga makarantar firamare.