Tsohon fim mai kala a cikin akwati: kada ku yar, ana iya wanke shi baƙi da fari

Jama'a masu karatu, ƴan kasuwa maza da mata, a gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai ɗan gwangwanin fim da ke kwance a ƙasan akwati ko cikin kwalla. An ɗauki hotunan biki ne, ko na suna, ko na ranar buɗe shago, sai hidima ta yi yawa ba a kai wanki ba. Yau wasu daga cikin mutanen da ke cikin fim ɗin sun riga mu gidan gaskiya, kuma wataƙila babu wani hotonsu sai wannan.

Matsalar ita ce, tun da wayar salula ta karɓe aikin kyamara, akasarin masu wankin hoto sun koma buga hoto daga waya. Ruwan maganin wanke fim mai kala ya yi wuyar samu, kuma ba ya jimawa in an haɗa shi. To, ko akwai dabara? Akwai: a wanke fim ɗin da maganin baƙi da fari.

Ga yadda abin yake. Kowane fim, mai kala ko marar kala, gishirin azurfa ne a jikinsa ke kama haske. Fim mai kala yana da shimfiɗa uku, ɗaya na kama shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja, kuma kowace tana ɗauke da sinadarin rini. Wankin kala da aka fi sani, wato C-41, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1972, yana tayar da rinin nan a cikin ruwa mai zafin digiri 38, daga baya ya cire azurfar. Shi kuwa maganin baƙi da fari, kamar D-76 ko Rodinal, ba ruwansa da rini. Azurfar kawai yake baƙantawa, a ruwa mai digiri 20. Don haka hoto zai fito, fuska za ta fito, amma launin atamfa da na shadda ba za su fito ba.

Akwai fim ɗin da ba shi da wata hanya sai wannan. Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe da ke wanke shi da kala, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Haka ma tsohon fim mai alamar C-22 ba ya jure zafin wankin zamani, fatarsa na iya saɓulewa. Fim ɗin da ya sha zafin bazara shekara da shekaru kuwa, kalarsa ta riga ta gurɓace, sau da yawa azurfar ce ke da sauran ƙarfi.

Sai dai mu faɗa muku gaskiya, nagatif ɗin yakan fito da duhu, da launin ruwan goro a jikinsa, kuma buga shi a takardar baƙi da fari yana da wahala. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauke shi da na'urar sikana a sa a kwamfuta, a gyara haske, sannan a buga. Kuma in an wanke haka, maido da kala aiki ne na gwanaye ƙalilan. Saboda haka idan fim ɗinku sabo ne, kuma akwai inda ake wankin C-41, ku kai can.

Wani abin mamaki, har da kayan da kuke sayarwa a tebur ana fiddo hoto: garin kofi, sodar wanki da bitamin C. An gwada wankin fim da kofi a wata makarantar fasaha ta garin Rocesta a Amurka a 1995, kuma ya yi. Amma ko da kofi, dole sai an bi da maganin kafe hoto, in ba haka ba haske zai cinye shi.

Shawararmu ita ce: kada ku buɗe gwangwanin, domin haske na daƙiƙa ɗaya ya isa ya shafe komai. Ku karanta alamar da ke jikinsa, C-41 ce, C-22 ce ko K-14, ku gaya wa mai wanki tare da shekarar da aka ɗauka. Ku nemi tsoffin masu hoto da suka yi zamanin ɗakin duhu, su suka san hannun aikin, sun kuma san sa ƙanƙara don sanyaya ruwa a lokacin zafi. Idan fim ɗin ya fi ɗaya, a fara gwadawa da wanda bai fi muhimmanci ba. Ruwan maganin kuma kada a zuba shi kusa da rijiya, kada a sa shi a kwanon abinci, a nisanta shi da yara.

Kada kuma wani ya raina hoto don ba shi da kala. Malik Sidibe na Bamako da hotunan baƙi da fari ya yi suna, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007. Hausawa na cewa da hanau gara mannau. Fuskar mahaifiya ko ta maigida, ko babu kala, ta isa a rataya a bango jikoki su san ta.